Tambaya da Amsa: In Cire Rifilaktar Bamba In Sa Mai Launin Mota?

Makonni uku ke nan saƙonni suna shigowa kan abu guda: 'yar robar nan mai ƙyalli da ke jikin bambar mota, wadda masu sayar da kayan gyara ke kira rifilakta. Wasu na son cire ta su sa mai launin motar, wasu na son shafe ta da fenti a gida, wata kuma ta sayi mota ta tarar an riga an shafe. Na haɗa tambayoyin waje ɗaya don amsar ɗaya tana taɓa ta ɗaya.

Malam, barka da aiki. Ina da BMW fara 'yar Amurka, ƙirar 2014. A gefen bambar gaba, dama da hagu, akwai wata roba ruwan lemo da ke ɓata mini kyan motar. Na ga ana sayar da irinta da aka fesa wa launin mota. In saya? Kuma zan iya sakawa da kaina ko sai na je gareji? (Mai karatu daga Kaduna)

Ɗan'uwa, barka kadai. Ka fara sanin dalilin da ya sa taka take da ita, ta maƙwabcinka da ta shigo daga Beljiyam ba ta da ita. Dokar fitilun mota ta Amurka, wadda suke kira FMVSS 108, ita ta wajabta. Tun 1968 aka ce kowace mota ta sami alama a gefe, daga 1970 kuma aka ce a haɗa biyu, fitila da rifilakta: ruwan lemo ta wajen gaba, ja ta wajen baya. A Turai ba a tilasta wa ƙananan motoci ta gefe ba, sai abin hawan da tsawonsa ya wuce mita 6. Kamfanin da ya ƙera mota don Jamus, idan zai kai ta Amurka, sai ya nemi inda zai liƙa wannan alama. Wasu su ɓoye ta cikin fitilar gaba, kamar yadda za ka gani a kusurwar fitilar Camry da Accord da yawa, wasu kuma su huda bamba su manna. Taka tana cikin na biyu, shi ya sa take tsaye kamar ƙari.

Saboda haka ba zan ce maka cire ta ganganci ne ba. Miliyoyin motoci suna yawo a Turai babu ita. Sai dai ka san abin da kake bayarwa. Aikinta shi ne a gan ka daga gefe: lokacin da ka sako kan mota daga lungu zuwa babban titi, ko kana tsallaka mararraba da dare, ko ka ajiye mota a karkace a ƙofar gida. Mai babur ko ɗan adaidaita sahu da ke tahowa da 'yar fitilarsa, wannan ɗigon ruwan lemon ne yake fara gani. Titin Jamus yana da fitilu, na unguwarku kai ka san halinsa idan an ɗauke wuta. Motarka fara ce, kuma fari ya fi baƙi bayyana da dare, to asararka ba ta kai ta mai baƙar mota ba. Da baƙa ce kuma kana yawan fita bayan isha, da na ce ka bar ta. Tunda fara ce, idan ranka ya biya, canza, da sharaɗi biyu: ta gaba kawai, kada ka taɓa jar ta baya, kuma ka adana tsofaffin.

Sakawa aikin gida ne, rabin awa ya isa idan ba ka yi gaggawa ba. Ka ajiye motar a wuri mai laushin ƙasa da haske, ka ja birkin hannu, ka murɗa sitiyari har ƙarshe don taya ta ba ka wuri. Akwai robar da ta rufe saman taya ta ciki, ka kwance 'yan sukurorin da ke gefenta na gaba, uku ko huɗu, ka ɗan janye ta har hannunka ya shiga bayan bamba. Daga ciki ake turo rifilakta waje. Wasu maƙali ne ke riƙe da su, ka matse shi ta fito. Wasu kuma gam ne mai fuska biyu, wanda sai ka bar motar ta sha rana ko ka hura masa na'urar busar da gashi ta madam kafin ya saki. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka zura sukundireba ta waje ka ɓanɓare. Fentin bamba a bakin ramin nan siriri ne, sau ɗaya ƙarfe ya goge shi an gama. Idan dole ka taimaka ta waje, ka zagaye wurin da salatif na takarda, ka yi amfani da tsohon katin ATM.

Kafin ka manna sabuwa, ka gwada ta ba tare da cire takardar gam ba. Ta dama daban, ta hagu daban, yawanci akwai harafin R da L a bayansu. Ka kankare tsohon gam da yatsa, ka goge wurin da sifirit, ka bari ya bushe, sannan ka danna sabuwar kamar rabin minti. Irin wannan gam yana ɗaukar kwana uku kafin ya kama sosai. A cikin kwanakin nan kada ka kai ta wurin masu wanki da injin feshi, domin ruwan nan mai ƙarfi zai iya fizge ta, ka dawo gida da rami.

Ni kuma Marsandi C300 ce ta 2010, tawa har ƙwai ne a ciki, tana kamawa idan na kunna fitila. Aikin ɗaya ne? (Daga Gwarimpa, Abuja)

A'a, Alhaji, naka ya ɗan fi. Taka fitila ce da rifilakta a haɗe. Idan ka sa wadda aka fesa wa fenti ka bar ƙwan a ciki, zai ci gaba da ci a ɓoye, yana zafi, haske na tsiyaya ta gefe kamar gidan da aka rufe ƙofa aka bar fitila. Idan ka zare ƙwan, Marsandi na cikin motocin da ke lura da ƙwan da ya mutu, sai ta dinga rubuta maka gargaɗi a allon gabanka duk lokacin da ka tayar. Kuma soket ɗin da aka bari a buɗe a bayan bamba yana shan ruwan damina. Ni da nake kai, zan nemi mai farin gilashi ko mai ɗan duhu kaɗan, in sa mata ƙwai ruwan lemo. Da rana ba ta ɓata kyan mota, da dare tana aikinta muddin fitila na kunne.

Malam, RAV4 ɗina baƙa ce wuluk, na yi wa tayoyi baƙin fenti, na cire duk wani abu mai sheƙi. Saura jajayen robobi biyu a bambar baya. Mai fentina ya ce ado ne kawai, tunda ga danja tana aiki. In fesa musu baƙi? (Daga Kano)

Ƙanena, kada ka fesa. A nan ba ni da "idan ranka ya biya". Mai fentinka ya iya fenti, amma a wannan bai faɗi daidai ba.

Danja tana aiki ne idan akwai batir, da fiyus mai rai, da waya lafiyayya, da wanda ya kunna ta. Jar robar nan ba ta buƙatar ko ɗaya. An yi ta ne don ranar da komai ya mutu: batir ya sauka a hanyar Zariya ƙarfe goma na dare, ko ka ajiye mota a bakin titi ka shiga gaisuwa, ko fiyus ya ƙone ba ka sani ba kana ta tafiya bayanka duhu. A wannan lokacin baƙar mota a baƙin dare ba ta da wata murya sai wannan roba.

Ka ɗauki ɗaya ka duba bayanta a haske. Za ka ga ɗaruruwan ƙananan kusurwoyi a jere kamar saƙar zuma. Kowace kusurwa irin kusurwar ɗaki ce, inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Idan yaro ya jefa ƙwallo cikin irin wannan kusurwa, takan bugi nan ta bugi can ta dawo wajen da ta fito. Haka haske yake yi: ya bugi fuskoki uku ya koma inda ya taso, wato wajen motar da ta hasko, kusa da idon direbanta. Madubi ba ya haka, shi yakan karkatar da haske wani gefe sai idan ka tsaya daidai gabansa. Jan fenti ma ba ya haka, yana watsa ɗan hasken da ya samu ko'ina. Wannan dabara ce 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kai duniyar wata a 1969, faranti mai irin waɗannan kusurwoyi 100, kuma har yau masana na harba masa haske daga ƙasa ya dawo musu. Abin da ake auna nisan duniyar wata da shi ne mai fentinka ya kira ado.

Yanzu ka yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, in ma yana farke sarai. Birkin kansa a busasshen titi yana buƙatar mita 50 da wani abu. Jimla kusan mita 80. Fitilar dim, wadda kowa ke komawa idan mota na tahowa ta gaba, ba ta nuna baƙin abu da kyau a wannan nisa. Wato idan jikin motarka ne direban zai fara gani, ya riga ya makara. Rifilakta kuwa tana amsa ɗan hasken da ya tsere sama da inda fitila ta faɗi, ana hango ta tun daga nesa sosai. Shi ya sa ma ake sa ta ƙasa, a bamba, daidai inda hasken dim yake sauka.

Na taɓa tahowa daga Funtuwa da dare, wata babbar mota ta kashe mini ido da fitila, tana wucewa sai ga jajayen ɗigo biyu a gabana kamar idon mage. Ƙaramar mota ce ta mutu rabinta a kan kwalta, ba fitila, ba ganyen da ake zubawa, masu ita sun tafi neman bakanike. Na kauce da ƙyar. Ban ga launin motar ba sai da na zo daf da ita. Tun daga ranar idan na je duba mota, jajayen robobin nan nake fara shafawa.

Game da cewa danja ta wadatar, akwai wani abin da mutane ba su lura da shi ba. A tsofaffin motoci yawanci rifilakta na cikin gilashin danja. Motocin yanzu da yawa, musamman masu fitilar LED, an fitar da ita an kai bamba. Idan ka ga kamfani ya kashe kuɗi ya huda bamba ya sa ta, sau da yawa don babu wata a sama ne. Ka shafe biyun nan, ka shafe duka.

Ta fuskar doka ma ba ka da madafa. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda Najeriya da Nijar duk suka shiga, ta ce kowace mota ta kasance da jajayen rifilakta aƙalla biyu a baya, masu kusurwa uku kuma an keɓe su ga tirela da abin da ake ja. Jami'an kiyaye haɗurra da na VIO suna duba fitilu da alamomin mota, kai da ke Kano ga KAROTA a kan hanya. Kuma Allah ya kiyaye, idan aka daki motarka ta baya da dare aka ga kai ka shafe alamar da hannunka, maganar wa ke da laifi za ta canza, wajen 'yan sanda da wajen inshora. Garin gyaran gira ake rasa ido. Ka bar jan, ai baƙar mota da ɗan ja a ƙasa ba ta muni.

To idan ba fenti ba, ledar nan mai duhu da ake mannawa fa? Ai haske na ratsa ta. (Shi dai na Kanon, a saƙo na biyu)

Yana ratsawa, amma sau biyu yake biyan kuɗin shiga. Fitila haskenta sau ɗaya yake ratsa leda, daga ciki zuwa waje. Rifilakta kuwa haske zai shiga ta cikin ledar, ya dawo ta cikinta. Ledar da ke barin rabi ya wuce, rabin rabi ne zai komo, kashi 25 cikin 100. Wadda ke barin kashi 30, abin da zai dawo kashi 9 ne. Wadda za ta yi duhun da kake so ta kusa zama fenti.

Akwai kuma baƙar leda mai ƙyalli, kamfanin 3M na yin irinta, da rana baƙa, da dare ta mayar da haske fari-fari. Tana da amfani a gefen babur ko hular kwano. A bayan mota ba ta dace ba, don ƙyallinta bai kai na jar roba ba, kuma fari a titi yana nufin gaban mota. Direban da ya ga fari zai ɗauka tahowa kake.

Assalamu alaikum. Na amince da canza na gaba kawai. Amma wanne ya fi: in sayi wadda aka riga aka fesa daga waje, in kai wa mai fenti, ko in sayi fentin gwangwani in fesa a gida? (Malamin makaranta daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Malam. Duk ukun suna tsayawa ne kan abu ɗaya, launi ya dace. Rifilakta ruwan lemo kowa ya san haka kamfani ya yi ta. Amma fari a kan farin da bai yi daidai ba, kamar faci ne a sabuwar shadda, ya fi na farkon jan ido.

Kowace mota tana da lambar fenti. A Toyota da Lexus tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne zalla, 070 fari mai walƙiyar lu'ulu'u, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. A BMW 300 fari ne, 668 baƙi zalla, 475 baƙi mai walƙiya. Ka riƙa faɗin sunan kamfani tare da lambar, domin 040 da ke fari a Toyota, a Marsandi baƙi ne. Wanda ya yi oda da lamba kaɗai zai iya buɗe kwali ya sha mamaki.

Sai dai lambar tana gaya maka launin da motar ta fito da shi daga kamfani ne, ba wanda take da shi yau ba. Motar da ta shekara goma tana shan ranar Zariya ta koɗe, jar mota da shuɗiya sun fi saurin nunawa. Kuma mu faɗi gaskiya, tokumbo nawa ne suka iso hannunmu da fentinsu na asali? Da yawa an buge su a can, an gyara a Kwatano ko Legas, bamba kuwa ita ce aka fi sake wa fenti. Idan taka haka take, wadda aka fesa a waje bisa lamba za ta zo da launi mai kyau wanda ba na motarka ba. Ga kuɗin dala, ga jira, ga wahalar mayarwa. Oda daga waje ta dace da mai sabuwar mota da ba a taɓa taɓawa ba, ko mai baƙi zalla, wanda shi ne launi mafi sauƙin dacewa.

Ga mafi yawanmu, na tsakiyar ya fi. Ka sayi rifilakta biyu na araha a kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ko da tsofaffi ne masu ƙarce, tunda shafe su za a yi. A nan kaɗai ne zan ce araha ba ta da laifi, muddin maƙalansu ba su karye ba kuma sun zauna daidai a ramin. Ka tafi da motar a gwada kafin ka biya. Farashi na bin dala, ka zaga shago uku. Sannan ka kai motar wajen mai haɗa fenti, ya haɗa yana kallon bambar kanta, ya ɗiga a gwada a rana, ba a cikin rumfa ba. Ƙwararru kan cire murfin tankin mai su tafi da shi don gwaji, amma a naka aikin bamba ce abin kwatance, domin fenti ɗaya kan ɗan bambanta a kan roba da kan ƙarfe. Idan mai fentin yana da wata mota mai launinka a layi, aikin ba zai ci komai ba.

Fesawa a gida tana yiwuwa idan launinka zalla ne, baƙi ko fari marar walƙiya. Ka wanke robar da sabulu, ka goge ta da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 800, da ruwa, har sheƙin ya mutu. Rubutun da ya ɗan taso a fuskarta, irin su SAE da DOT, ka goge shi ya kwanta, in ba haka ba zai fito ta cikin fenti. Kada ka goge ta da tina ko fetur, suna sa irin wannan roba ta yi tsatstsage kamar tsohon tangaran. Sai firaima ta roba, wadda ke sa fenti ya kama, domin fenti kai tsaye a kan roba mai santsi ɓarewa yake a wankin farko. Idan motar fara ce ka bi da firaima mai ruwan toka ko fara, don ruwan lemon kada ya leƙo ta ƙasa. Launi kuma shafi uku marasa kauri, gwangwani na nesa kamar taƙi ɗaya, minti goma tsakani. Mai gaggawa yakan so ya rufe a shafi ɗaya, sai fenti ya zubo kamar hawaye. Daga ƙarshe kiliya shafi biyu, ita ce ke ba da sheƙi da kariya daga rana. Ka bar su kwana ɗaya kafin ka taɓa, mako guda kafin wanki mai ƙarfi.

Abokin gābarka ƙura ce. Da hunturu kada ma ka fara, sai dai in kana son bamba mai yashi. Ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka fesa da safe kafin iska ta tashi, ka kifa kwali a kai yana bushewa. Ka yi a fili, nesa da murhu da janareta da yara, da abin rufe hanci. Kiliyar da masu fenti ke haɗawa da sinadarin ƙarfafawa ta fi ta gwangwani ƙarko nesa ba kusa ba, amma tururinta na cutar da huhu, ba ta tsakar gida ba ce. Idan kuwa launinka irin 070 ne, mai hawa uku, ko ruwan azurfa mai ƙyalƙyali, ka haƙura da gwangwani. Yadda ƙwayoyin walƙiyar ke kwanciya ya danganta da hannun mai fesawa, ko ƙwararru suna fama da shi. Idan ka haɗa kuɗin samfefa da firaima da launi da kiliya, don abu biyu da ba su kai tafin hannu ba, za ka ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ana sayar da wasu na baya masu LED, suna kamawa da birki da sigina. Ba sun fi na kamfani ba? (Daga Jos)

Wasu sun fi, da yawa sun gaza. Ka kashe ta ka haska mata tocila daga nesa. Idan ta mayar da ja mai ƙarfi, fitila ce da rifilakta a haɗe, ka ƙaru. Idan ta yi shiru, jan gilashi ne kawai da ƙwayaye a ciki, ka sayar da abin da ba ya mutuwa ka sayi mai mutuwa. Ka duba jikinta ko akwai harafin E cikin da'ira da lamba a gefe, alamar ƙa'idar Turai, ko SAE da DOT na Amurka, duk da cewa masu jabu ma sun iya rubutu, shi ya sa tocila ta fi. Ka kuma kai wa mai wayarin da ya san aikinsa. Wurin nan ƙasa ne, yana shan ruwa da taɓo, wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta kai ƙarshen damina, kuma idan ta haɗu tana iya ƙona fiyus ɗin fitilar birki gaba ɗaya.

Malam, ni ba ado nake nema ba. Maigidana ya saya mini Lexus ta hannu, sai ɗana ya ce robobin bambar baya an shafe su da launin motar. Yaya zan gane ko akwai matsala, kuma me zan saya? (Wata uwa daga Sakkwato)

Hajiya, Allah ya sa alheri, ya kuma yi wa yaron albarka, idonsa na da kyau. Sau da yawa ba ado ne ya kawo haka ba, mai fenti ne ya yi ƙyuyar cire su ko rufe su lokacin da yake fesa bamba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Bayan magariba a kashe motar da duk fitilunta. Ki tsaya a bayanta kamar taku talatin, ki kunna tocilar waya, ki riƙe ta kusa da idonki, a gefen fuska. Riƙewa kusa da ido shi ne sirrin, domin hasken wajen tocilar yake komawa, idan kika riƙe ta a ƙugu ba za ki ga komai ba ko da rifilaktar lafiya take. Ko ki ɗauki hoto da filashi. Idan jajayen wurare biyu suka haska, dama da hagu, ko a cikin danja ne, kina da kariya. Idan babu, ko ɗaya ce kawai, a canza a makon nan.

Kada a ce za a wanke fentin da tina, robar za ta dushe ta lalace. Sababbi za a saya, ko na asali da aka ciro daga wata mota. A nan kuma kada a bi araha. A tafi da tocila shagon, a sa yaron shago ya riƙe ta a can ƙarshen rumfa a haska, a gwada biyu ko uku a ɗauki mai ƙarfi. A duba bayanta a tabbata a rufe yake ruf, babu tsaga, babu raɓa ko ƙura a ciki, domin kusurwoyin nan sai da busasshiyar iska a bayansu suke aiki, ruwa na shiga ƙyallin ya mutu. A cire ɗaya daga cikin tsofaffin a tafi da ita, akwai lambar kaya a bayanta, domin ƙirar RX ta 2010 da ta 2016 ba ɗaya ba ce. Kafin a samu, jar leda mai ƙyalli irin wadda ake mannawa a bayan manyan motoci za ta riƙe ki, a yanka daidai wurin a manna. Ki kuma ce wa mai wanke motar ya riƙa goge su, jar ƙasar damina ma tana rufe su kamar fenti.

Tsofaffin da na cire, in jefar? (Na Kadunan da ya fara tambaya)

Ka naɗe su a tsumma ka sa a leda, ka rubuta dama da hagu, ka ajiye tare da takardun mota. Ranar da za ka sayar, mai saye da ya san mota idan ya ga fenti a inda ya san roba ce, abin da zai fara zargi shi ne an buge gaban an gyara, sai ya fara rage maka kuɗi. Ka fito da su ka nuna masa, ko ka mayar da su kafin ka kai ta wajen dillalai, da sabon gam, tunda tsohon ba ya kamawa sau biyu.